Tsofaffin Bindigogin Farauta da Harsasansu: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya ji kalmar bindiga a ƙasarmu yanzu, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne 'yan fashin daji da zaman makoki, kuma ban ga laifinsa ba. Amma a Amurka da Jamus da Ingila da Afirka ta Kudu akwai mutanen da suka ɗauki tsofaffin bindigogin farauta da harsasansu a matsayin abin sha'awa da nazari. Wasu suna tara su kamar yadda ake tara tsofaffin kuɗi, wasu kuma suna sake ɗura kwanson da suka harba da hannunsu, a ƙarƙashin dokar ƙasashensu. Na daɗe ina bibiyar wannan fanni saboda tarihin da ke cikinsa, wanda wani sashensa ya ratsa ta kanmu. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kai.

Mene ne bambancin harsashi da albarushi?

A bakin mutane yanzu sun zama abu ɗaya, shi ya sa za ka ji ana cewa an kama wani da alburusai ɗari. A asali albarushi shi ne garin da ke kamawa da wuta, harsashi kuma shi ne ƙarfen da ke fita. Abin da ake sakawa a bindigar zamani haɗin abu huɗu ne: kwanso na tagulla, da albarushin da ke cikinsa, da ƙwayar da ke bakinsa, sai wani ɗan maɓalli a gindinsa wanda zan riƙa kira maƙyasti, domin aikinsa ke nan, shi ne ke ba da tartsatsi idan aka ja kunama. A nan gaba idan na ce harsashi ina nufin haɗin gaba ɗaya, idan na ce ƙwaya ina nufin ƙarfen da ke tashi.

To mene ne sake ɗura harsashi?

Idan aka yi harbi, abu uku sun tafi: ƙwaya ta tashi, albarushi ya ƙone, maƙyasti ya mutu. Kwanso kaɗai ya rage, kuma shi ne ya fi tsada a cikin huɗun. Masu wannan sha'awa ba sa yar da shi. Sukan tsabtace shi, su duba ko ya tsage, su mayar da shi girmansa na asali da wata na'urar matsi, sannan su haɗa shi da sababbin kayan da suka saya daga kamfanoni masu lasisi. Ba sa haɗa albarushi da kansu, kuma ba sa ƙirƙiro awo daga kansu. Kowane kamfanin albarushi yana buga littafin awo wanda aka gwada a ɗakin gwaji, shi ake bi.

Al'adar ta tsufa. A yammacin Amurka na ƙarni na 19, inda shago ke da nisan tafiyar kwanaki, kamfanin Winchester yakan sayar da kayan ɗura tare da bindigoginsa. Kamfanin RCBS ya faro a 1943 a Kalifoniya lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa harsashin farauta ya yi wuya, Hornady ya biyo a 1949, Lee kuma a 1958.

Me zai sa mutum ya wahalar da kansa alhali ana sayarwa a shago?

Da yawa sukan ce don rage kashe kuɗi ne, amma wannan dalilin bai cika tsayawa ba, domin wanda ya samu harsashi da araha sai ya ƙara yawan zuwa filin gwaji.

Dalili na gaskiya biyu ne. Na farko dacewa: kowace bindiga tana da halinta, ko da kamfani ɗaya ne ya ƙera biyu a rana ɗaya. Akwai masu gasar da burinsu shi ne su jera ƙwaya biyar a rami kusan ɗaya daga nisan yadi 100, kuma da wuya a samu mai cin irin wannan gasa da harsashin shago. Na biyu, kuma shi ne ya fi burge ni, shi ne raya bindigar da aka daina yi wa harsashi. Mutum ya gaji Martini-Henry, tsohuwar bindigar sojojin Ingila, ta 1870 da wani abu, lafiyarta ƙalau, amma manyan kamfanoni sun daina yi mata abinci tun tuni. In ba ya iya ɗurawa, ta zama sandar rataya a bango. Mai ɗura mata sai ya koma ɗalibin tarihi, yana neman sanin yadda aka yi harsashinta a zamaninta, da irin takardar da ake naɗe ƙwayar da ita, da dalilin da ya sa aka yi hakan.

Waɗannan lambobi, .30-06 da 7x57 da .45-70, me suke nufi?

Nan ne sabon shiga ke rikicewa, domin babu tsari guda. Jamusawa da sauran ƙasashen Turai sun fi sauƙi: 7x57 na nufin faɗin bututu milimita 7, tsawon kwanso milimita 57. Amurkawan da kuwa sukan haɗa faɗi da nauyin albarushi. Harsashin .45-70 da sojojinsu suka karɓa a 1873 faɗinsa kashi 45 cikin ɗari na inci ne, kuma yana ɗauke da ƙwayar awo 70 ta baƙin albarushi. Wannan ƙwayar awo ƙaramin ma'auni ne da ya samo asali daga nauyin ƙwayar hatsi, sai an tara 7,000 suke cika laba ɗaya. Haka .30-30 na 1895 ya bi wannan salo. Amma .30-06 ya saɓa: 06 ɗin shekara ce, wato 1906.

Bindigar tsuntsaye mai watsa ƙananan ƙwayoyi tana da nata lissafin na daban. Idan aka ce mai lamba 12, ana nufin dunƙulen darma 12 masu faɗin bakinta ne ke cika laba ɗaya. Shi ya sa mai lamba 20 ta fi mai lamba 12 ƙanƙantar baki, ba girma ba.

Yaushe aka bar albarushi mai hayaƙi?

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan Sallah ya san baƙin albarushi: ƙara mai nauyi, farin hayaƙi da ke rufe fili, da warin da ke bin tufafi. Da shi duniya ta yi yaƙi da farauta shekaru ɗaruruwa. A 1884 wani masanin sinadarai na Faransa, Paul Vieille, ya samar da albarushi marar hayaƙi, a 1886 kuma sojojin Faransa suka fito da bindigar Lebel mai amfani da shi. Cikin 'yan shekaru kowace babbar ƙasa ta bi sahu.

Kwatanta harsasan Ingila biyu ka ga girman canjin. Na Martini-Henry yana jefa ƙwayar darma mai nauyin kusan giram 31 da gudun kimanin mita 410 a daƙiƙa. Samfurin .303 na 1910 kuwa ƙwayarsa giram 11 ce da 'yan kai, amma tana gudun sama da mita 740. Ƙwaya ta ragu, gudu ya kusan ninkawa, hayaƙin da ke tona asirin mai harbi ya ɓace. Shi kansa .303 da baƙin albarushi ya fara a 1888, sai daga baya aka mayar da shi kan marar hayaƙi.

Waɗanne tsofaffin harsasai ne suka yi suna a farautar Afirka?

Na farko a wurina 7x57 ne, wanda kamfanin Mauser ya fitar a 1892. Na soja ne tun asali. Da shi sojojin Sifaniya suka wahalar da Amurkawa a Kyuba a 1898, da shi kuma Turawan Afirka ta Kudu 'yan asalin Holan suka gigita Ingila a yaƙin 1899 zuwa 1902. Ingilishi suka ga abin da ya yi musu, sai kamfanin Rigby na Landan ya riƙa sayar da shi da sunan .275 Rigby. Jim Corbett, wanda ya yi suna wajen kashe damisoshin da suka addabi ƙauyukan arewacin Indiya, yana da bindiga mai wannan harsashi. Har gobe maharba na son sa saboda ba ya dukan kafaɗa sosai, ga shi doguwar ƙwayarsa na shiga da nisa.

Sai 9.3x62 da Otto Bock ya tsara a Balin a 1905, saboda manoman Jamus da ke zaune a ƙasashen da suka mamaye a Afirka, waɗanda ke son bindiga mai araha da za ta iya da ɓauna. Sai .416 Rigby na 1911. Sai wanda ya gagari kowa, .375 na kamfanin Holland & Holland, na 1912. Ya haura shekara ɗari amma har yau shi ne ma'auni, domin ƙasashe da dama da suka halatta farautar manyan namun daji masu haɗari sun sa faɗinsa a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za a yarda da shi.

Labarin da na fi so a ba da shi ne na .470 Nitro Express, domin siyasa ce ta haife shi. Maharban Ingila sun saba da harsasai masu faɗin .450. Amma tsofaffin Martini-Henry, masu wannan faɗin, sun bazu a hannun mutanen da ke ƙin mulkin Ingila a Indiya da Sudan. Hukuma ta ji tsoron kada kayan farauta su koma abincin bindigogin masu tawaye, sai ta hana shigar da harsasan wannan faɗi cikin ƙasashen biyu a wajajen 1907. Kamfanonin Landan suka yi ta fito da wasu masu ɗan bambancin faɗi don su kauce wa dokar, irin su .465 da .470 da .475. A cikinsu .470 ne ya fi daɗewa. Wato duk wanda ya riƙe wannan harsashi a yau, yana riƙe da shaidar tsoron da 'yan mulkin mallaka ke yi wa waɗanda suke mulka.

Me ya sa maharbanmu suka tsaya a kan adaka?

Ba don ba su san da wasu ba ne. Damagaram a zamanin Sarki Tanimu ta tara bindigogi, har igwa aka ƙera a can. Rabeh ya ci Borno a 1893 da rundunar da ƙarfinta ke kan bindiga. Abin da ya faru shi ne a 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a Burasel wadda ta taƙaita sayar da bindigogin zamani da harsasansu a mafi yawan Afirka kudu da Sahara, amma ta bar ƙofa a buɗe ga tsofaffin masu ƙyastu da albarushin kasuwa. An ce don a daƙile cinikin bayi ne. Sakamakon dai shi ne lokacin da rundunar Ingila ta iso Kano a Fabrairun 1903, da Sakkwato a Maris, da Burmi a Yuli, suna da bindiga mai ruwa da igwa, mutanenmu kuwa galibi doki da mashi da baka da takobi.

Adaka kuma tana da abin da ya sa ta zauna. Maƙerin gari yana iya gyara ta, ba ta buƙatar kwanso daga waje, kuma ta wadatar ga mai neman gada ko zomo ko mai korar birai daga gona. Sunan da Turawa ke kiranta da shi, wato bindigar mutanen Denmak, ya samo asali ne daga fataken ƙasar da suka yi ciniki a gaɓar tekun Gana, inda suke da ganuwa a Ankara.

Ana iya yin wannan sha'awa a Najeriya ko Nijar?

Karatu da nazarin tarihi, ƙwarai kuwa. Ɗura harsashi a gida kuwa, a'a. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta raba bindigogi gida uku: haramtattu irin na yaƙi, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, na amfanin kai irin na farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, da na gargajiya masu ɗurawa ta baki, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wannan dokar ta hana ƙera harsashi ko haɗa shi a wajen wuraren da hukuma ta keɓe, kamar masana'antar DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Riƙe harsashi ma ba tare da lasisi ba laifi ne, tsufansa ba ya wanke mutum. A Nijar ma mallakar bindiga sai da izinin hukuma.

Ko a can inda aka halatta, ba sakaka aka bar abin ba. A Jamus sai mutum ya yi kwas ya ci jarrabawa kafin a ba shi takardar sayen albarushi. A Ingila ba a sayar wa mutum maƙyasti sai ya nuna takardar mallakar bindiga. A Amurka an yarda mutum ya ɗura don amfanin kansa, amma yin sana'ar sayarwa sai da lasisi. Ni a ganina, a halin da yankinmu ke ciki, tsaurin dokarmu a kan wannan daidai ne.

Za ka faɗa mana awon albarushi da yadda ake haɗawa?

Ba zan faɗa ba. Ban da haramcin doka, abin ba ya yafe kuskure. Matsin da ke tashi cikin bindigar .30-06 a lokacin harbi yana iya kai wa kusan ninki 2,000 na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota, kuma duk wannan yana faruwa ne tazarar taƙi ɗaya daga idon mai harbi. Albarushi marar hayaƙi iri-iri ne, wani na ci da sauri wani a hankali, alhali a ido suna iya kama da juna. Mutum ya musanya ɗaya da ɗaya, bindiga ta tarwatse a hannunsa. Mafi muni shi ne a zuba albarushin zamani a cikin adaka, wadda ba a ƙera ta don ta jure shi ba. Yatsu da idanu da yawa sun tafi ta wannan hanya.

Masu tara tsofaffin harsasai, me suke dubawa?

Gindin kwanso suke fara juyawa, domin a nan ake buga hatimi: haruffan masana'anta, sau da yawa da shekara. Harafin K na kamfanin Kynoch ne na Bamingam, RL na ma'aikatar gwamnati ce da ke Woolwich a Landan, KF na masana'antar Kirkee ta Indiya, FN kuma na Beljiyam. Da haruffa biyu da lamba biyu sai ka san inda abu ya fito da lokacin da aka yi shi. Kwalin asali wanda ba a buɗe ba yakan fi harsasan da ke cikinsa daraja.

Suna kuma duba irin maƙyastin. Akwai tsari biyu da suka fito kusan lokaci ɗaya a 1866: na Edward Boxer, Baturen Ingila, da na Hiram Berdan, Ba'amurke. Abin mamaki sai suka yi musayar gida. Amurka ta rungumi na Boxer saboda ya fi sauƙin cirewa ga masu sake ɗurawa, Ingila da sauran Turai kuma suka daɗe a kan na Berdan. Akwai ma waɗanda suka girme su duka, masu ɗan tsinke a gefen kwanso, ƙirar Lefaucheux na Faransa tun shekarun 1830. A ƙasashe da yawa masu tarawa sukan fi son waɗanda aka riga aka zare wa albarushi aka kashe maƙyastinsu, don su huta da doka da haɗari.

Tsohuwar bindiga za ta iya ɗaukar sabon harsashi in ya shiga?

Shiga daban, dacewa daban. Misali sananne shi ne 8x57 na Jamus. Bindigogin 1888 an yi su ne don ƙwaya mai faɗin .318, daga baya a farkon ƙarni na 20 aka faɗaɗa ƙwayar zuwa .323, sunan kuma kusan bai canja ba. Sabon yana iya shiga tsohuwar, amma bututun ya yi masa ƙunci. Haka .45-70: akwai bindigogin yau masu jure ɗuri mai ƙarfi, wanda in aka sa shi a ta 1873 an jawo bala'i.

Saboda irin wannan ne Turai ta daɗe da gidajen gwajin bututu. Na Landan tun 1637, na Bamingam tun 1813. Sukan harba bindiga da ɗurin da ya fi na yau da kullum, in ta jure su buga mata hatimi. Daga hatimin ake gane ko da baƙin albarushi aka gwada ta ko da marar hayaƙi. Wata matsalar kuma tsatsa ce: tsofaffin maƙyastan soja suna barin wani gishiri a bututu mai jan laima, in ba a wanke ba cikin kwana kaɗan ya fara cin ƙarfe daga ciki, waje kuwa yana ta ƙyalli.

Na tarar da tsohuwar bindiga da harsasai a kayan gado. Yaya zan yi?

Ka ɗauka a ɗure take har sai wanda ya sani ya tabbatar. Adaka tana iya zama da ɗurinta shekara da shekaru kuma ta tashi. Kada ka leƙa bakinta, kada ka gwada ta, kada ka jefa harsasan a wuta ko ka bari yara su yi wasa da su. Ka kulle su, ka sanar da mai unguwa ko dagaci, a je wa 'yan sanda tare. Lasisin marigayi ba ya zama naka don ka gaje shi. In bindigar na da tarihi, kamar ta kakan da ya yi wa sarki hidima, ka ɗauki hotonta ka rubuta abin da dattawan gida suka sani a kanta tun suna raye, sannan ka nemi shawarar gidan tarihi irin Gidan Makama na Kano.

Ina batun darma?

Guba ce, kuma mu mun fi kowa sani. A 2010 gubar darma daga sarrafa duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. Ƙwayar darma kan farfashe a jikin dabba, ɓarɓashinta ya shiga naman da za a ci, ungulu da sauran masu cin mushe su ma su kwasa. Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da darma tun 1991, jihar Kalifoniya kuma ta hana ta a kowace irin farauta daga 2019. Yanzu ana yin ƙwayoyi na jan ƙarfe zalla. Maharbin da ke narka darma a tsakar gida, kusa da inda ake girki da inda yara ke rarrafe, yana cutar da iyalinsa ba tare da ya ga alama nan take ba.

Shin ba waɗannan bindigogin ne suka ƙarar da namun daji ba?

Sun yi ɓarna mai yawa, kuma mai son tarihinsu bai kamata ya ɓoye ba. Ɓaunar Amurka da ake lissafa ta da miliyoyi ta koma ƙasa da 1,000 a daji kafin 1890, akasari a hannun masu harbi don sayar da fata. W.D.M. Bell, wanda masu son 7x57 ke yawan ambato, ya kashe giwaye sama da 1,000 saboda haure. Ina jinjina wa ingancin harsashin, amma wannan adadi ba abin alfahari ba ne.

Abin da ya juya lamarin a Amurka doka ce da kuɗi. A 1937 aka kafa dokar Pittman-Robertson, wadda ke ɗora haraji, yanzu kashi 11 cikin ɗari, a kan dogayen bindigogi da harsasai, a zuba kuɗin wajen kula da namun daji da dazuzzukansu. Aka haɗa da ƙayyade lokacin farauta da adadin da mutum zai harba. Barewarsu mai farin wutsiya, wadda ta ragu ƙwarai a farkon ƙarni na 20, yau ana lissafa ta da miliyoyi masu yawa.

Mu ma muna da tushen irin wannan tsari. Farautar gargajiya ta rani ce, bayan an kawar da amfanin gona, kuma Sarkin Baka na da ta cewa a kan wanda zai shiga daji da inda za a nufa. Yankari, da aka keɓe tun 1956, har yanzu tana riƙe da ɗaya daga cikin garkunan giwaye na ƙarshe a Najeriya. A yankin Kure na Nijar kuwa raƙuman dawa sun ragu zuwa kusan 50 a 1996. Da aka hana harbinsu, aka kuma sa mutanen ƙauyukan cikin aikin tsaronsu, sun haura 600.